Mudun da muka auna Iniesta da shi

A daren 28 ga Oktoba 2024, lokacin da aka kira sunan Rodri, ɗan wasan tsakiyar Manchester City da Sifaniya, a birnin Paris aka ce shi ya lashe kyautar Ballon d'Or, ina zaune a gidan kallon ƙwallon unguwarmu, kuma ban taɓa ganin wurin ya kaure da hayaniya haka a ranar da ba a buga wasa ba. Magoya bayan Real Madrid sun miƙe tsaye suna cewa an ƙwace wa Vinícius haƙƙinsa ƙiri-ƙiri, wasu kuma suna ta rantsuwa cewa daga ranar sun daina kallon bikin. A allon talabijin Rodri yana hawa dandamali da sanduna saboda raunin da ya ji a gwiwa, George Weah yana jiransa da kyautar a hannu. Ɗan ƙanwata, wanda bai wuce shekara 17 ba, ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, don Allah ƙwallo nawa wannan mutumin ya ci da za a ba shi?" Na ce masa ba don cin ƙwallo ake sa shi a fili ba. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "To me yake yi a ciki?"

Tambayar tasa ba ta raini ba ce, da gaske yake son ya sani, kuma ita ce ta mayar da tunanina kan Andrés Iniesta, tsohon ɗan wasan tsakiyar Barcelona da Sifaniya, wanda kwana 20 kafin wannan dare ya sanar da cewa ya daina taka leda. Rodri kansa ya ambaci sunansa a jawabinsa, tare da Xavi da Casillas da Busquets, a matsayin 'yan ƙasarsa da suka cancanci kyautar ba su samu ba. An shafe shekaru ana musu a kan ko an zalunci Iniesta a 2010 da aka ba Lionel Messi kyautar shi kuma ya zo na biyu, kuma ni ina cikin waɗanda suka daɗe suna cewa an zalunce shi. Yanzu na sauya ra'ayi, ba don na rage ganin girmansa ba, sai don na lura cewa mu masu kare shi da masu kushe shi mudu ɗaya muke riƙe da shi, wato ƙwallon da ta shiga raga, kuma muddin da wannan mudu ake awo, ɗan wasa irinsa ba zai taɓa cika shi ba.

An haifi Iniesta ranar 11 ga Mayu 1984 a Fuentealbilla, wani ƙaramin gari a lardin Albacete na ƙasar Sifaniya, wanda mutanensa ba su wuce dubu biyu ba. Mahaifinsa birkila ne. A dandamalin siminti na makarantar garin ya koyi ƙwallo, irin wasan nan da ake yi a matsattsen wuri, inda wanda bai iya ɓoye ƙwallo a ƙafarsa ba ba zai taɓa ta sau biyu a jere ba. Yana ɗan shekara takwas ƙungiyar Albacete ta ɗauke shi cikin yaranta, a 1996 kuma, a wata gasar yara da aka yi a Brunete kusa da Madrid, manyan ƙungiyoyi suka sa masa ido. A watan Satumba na wannan shekara iyayensa suka kai shi La Masia, tsohon gidan dutse da ke gefen filin Camp Nou inda Barcelona ke renon yaranta a lokacin. Shekararsa 12. Da bakinsa ya ba da labarin yadda ya kwana yana kuka a daren farko, da yadda mahaifinsa ma ya kasa barci a masaukinsu har ya so ya koma ya ɗauko shi, mahaifiyarsa ce ta hana. Duk wanda aka taɓa kai shi makarantar kwana yana ƙarami, ya tsaya a bakin ƙofa da akwatinsa yana kallon motar da ta kawo shi tana yin nisa, ya san irin wannan dare. A 1999 ya jagoranci yaran Barcelona suka ci wata gasar 'yan ƙasa da shekara 15, Pep Guardiola ne ya miƙa masa kofin, ranar 29 ga Oktoba 2002 kuma Louis van Gaal ya sa shi wasansa na farko a babbar ƙungiya, a gidan Club Brugge.

Daga wannan rana zuwa 2018 ya buga wa Barcelona wasa 674, ya ci ƙwallo 57. Idan aka raba, kusan ƙwallo ɗaya ke nan a kowane wasa 12. Ya buga wa Sifaniya wasa 131, ya ci 13. A shekarar 2012 kaɗai Lionel Messi ya ci 91, wato a wata 12 ya zarce abin da Iniesta ya ci wa ƙungiyarsa da ƙasarsa a shekara 16 in an haɗa su. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma ba ƙarya yake yi ba, kuma ba ni da wata hanyar da zan lanƙwasa su. In raga ce mudu, Iniesta matsakaicin ɗan wasa ne, magana ta ƙare. Abin da ya rage shi ne a bayyana yadda matsakaicin ɗan wasa ya zama wanda masu horarwa irin su Rijkaard da Guardiola da Luis Enrique da Aragonés da Del Bosque suka dogara da shi a manyan ranaku, har ya ɗauki kofin La Liga tara, na zakarun Turai huɗu, na nahiyar Turai biyu da na duniya ɗaya.

Amsar tana cikin abin da yake yi da ƙwallo kafin ta kusanci raga, kuma sai mutum ya nutsu zai gan shi. Iniesta yakan tsaya a ɓangaren hagu na tsakiya, a ɗan sararin da ke tsakanin masu tsaron baya da 'yan tsakiyar abokan hamayya, wurin da kowannensu ke zaton aikin ɗan'uwansa ne ya tsare. Kafin ƙwallon ta iso shi ya riga ya waiga ya san wanda ke bayansa, saboda haka ba ya karɓarta da baya ga raga, yana karɓarta ne jikinsa a karkace, taɓawar farko kuma ta riga ta raba shi da mutum ɗaya. Daga nan sai ya rage gudu. Wannan rage gudun shi ne sirrin, domin mai tsaron baya yana iya bin wanda ke gudu, amma wanda ya tsaya a gabansa da ƙwallo a ƙafa yana jiransa yakan ƙure masa haƙuri, har sai ya kai ƙafa. Da ya kai ƙafar, Iniesta zai tura ƙwallon daga dama zuwa hagu cikin ƙiftawar ido ya bi ta gefensa ya wuce, yankan da mutanen Sifaniya ke kira la croqueta. Ba ƙarfi a ciki, domin tsayinsa bai wuce mita 1.71 ba, kuma ba gudu ne ya fi kowa ba. Abin da ke biyo baya lissafi ne mai sauƙi: idan mutum biyu ko uku sun baro wurarensu sun taso masa, to akwai mutum biyu ko uku na ƙungiyarsa da ba mai tsaronsu. Akwai wani hoto da aka ɗauka a wasan Sifaniya da Italiya na gasar Turai ta 2012, inda 'yan Italiya biyar suka kewaye shi shi kaɗai, ƙwallon tana ƙafarsa. Mutane suna kallon hoton suna yaba jarumtarsa, ni kuwa abin da nake tunani shi ne sauran filin da mutum biyar ɗin nan suka bari a buɗe.

A duba wasannin ƙarshe da ya buga, za a ga abu ɗaya yana maimaita kansa. A Paris a 2006, a wasan ƙarshe na zakarun Turai, Arsenal na gaba da ci ɗaya duk da an kori mai tsaron gidanta, aka sako Iniesta bayan hutun rabin lokaci, kuma shi ya zura wa Henrik Larsson ƙwallon da Larsson ya taɓa wa Samuel Eto'o ya farke. A takarda an rubuta Eto'o ya ci, Larsson ya taimaka, sunan Iniesta bai fito ba. A Roma a 2009 ya shiga fili da ciwo a cinya, likitoci sun gargaɗe shi kada ya buga ƙwallo da ƙarfi, amma minti goma da farawa ya ratsa tsakiyar Manchester United ya ba Eto'o ƙwallon farko, a daidai lokacin da United ke matsa musu lamba. A Kiev a 2012 shi ya tsaga bayan Italiya da ƙwallon da Fàbregas ya bi ya ɗago wa David Silva ya sa kai, nan ma takarda ta rubuta Silva da Fàbregas. A Berlin a 2015 shi ya ajiye wa Rakitić ta farko a ragar Juventus minti huɗu da take wasa. A gasar 2012 gaba ɗayanta bai ci ƙwallo ko ɗaya ba, amma shi aka zaɓa gwarzon gasar, wanda ke nuna cewa idan masana suka zauna suka kalli wasa shida a jere da idon basira suna ganin abin da alƙaluma ba su ɗauka.

Duk da haka, in ka tambayi mutum goma abin da suka tuna game da Iniesta, tara za su ambaci ƙwallo biyu. Ta farko ita ce ta Stamford Bridge, filin Chelsea, a karawar kusa da ta ƙarshe ta gasar zakarun Turai, ranar 6 ga Mayu 2009. Ina gidan kallo a wannan dare, janareta yana ruri a waje, zafi ya cika rumfar, magoya bayan Chelsea sun fara tafi tun da Michael Essien ya ɗirka tasa a minti na tara. An kori Abidal na Barcelona, ƙungiyar kuma ba ta buga ƙwallo ko ɗaya da ta nufi raga ba, har aka shiga minti na 93, Messi ya gangaro wa Iniesta ita a bakin da'ira, ya ɗauke ta da bayan ƙafar dama ta shige saman raga. Bencin da muke kai ya kife, wani dattijo da ke sayar da rake a bakin ƙofa ya leƙo yana tambaya ko faɗa ake yi. Adalci ya sa in faɗa cewa alƙalin wasan ya hana Chelsea bugun fenareti fiye da ɗaya a daren, kuma fushin da Drogba ya nuna yana da dalili. Ta biyu ita ce ta Johannesburg, ranar 11 ga Yuli 2010, a minti na 116 na wasan ƙarshe da Holan, wadda ta ba Sifaniya kofin duniyarta na farko a gasar farko da aka yi a nahiyarmu.

Da wannan ƙwallo ta biyu muke kafa hujja idan muna cewa an zalunce shi. Mukan ce ta yaya mutumin da ya ci wa ƙasarsa kofin duniya zai zo na biyu, a ba wanda bai ci ko ɗaya ba a gasar, aka kuma fitar da ƙasarsa da ci huɗu da nema. Na faɗi wannan magana sau da yawa, kuma yanzu ina ganin rauninta. Idan ƙwallo ɗaya ce ta sa ya cancanta, to da Fàbregas ya buga da kansa maimakon ya ba shi, ko da Casillas bai tare ta Robben da ƙafa ba a minti na 62, shi ke nan Iniesta ya zama bai cancanta ba, alhali shi ɗin dai shi ne, wasansa bai sauya ba. Kuma wanda ya karɓi wannan hujja dole ya karɓi ta masu cewa Messi ya ci 47 a kakar 2009 zuwa 2010, domin 47 ta fi ɗaya. Abin da ya fi dacewa a nuna a wannan wasa shi ne abin da ya faru daƙiƙu kaɗan kafin ƙwallon: Jesús Navas ya taso da gudu daga baya, ƙwallon ta kuɓuce a tsakiyar fili cikin rigunan Holan, Iniesta ya tsince ta ya mayar wa Fàbregas da dunduniya ba tare da ya juya ba, sannan ya ci gaba da tafiya zuwa wurin da babu kowa. Ba don wannan dunduniya ba da harin ya mutu a tsakiya. Haka kuma jan katin da aka ba Heitinga a minti na 109, wanda ya bar gurbi a bayan Holan, saboda ya riƙe Iniesta ne aka kore shi. Ba na jin na taɓa ji wani ya kawo waɗannan biyu a musun gidan kallo.

In kuwa za a yi gaskiya, shekarar 2010 ba ita ce mafi kyawun shekararsa ba. Rauni ya hana shi wasanni da yawa, har da karawar kusa da ta ƙarshe da Inter Milan ta fitar da Barcelona a gasar zakarun Turai. Wesley Sneijder, wanda ya ɗauki kofi uku da Inter ya kuma ci biyar a gasar duniya, yana da tasa hujjar, Xavi ma yana da tasa, kuma shi ne ya fi kowa dawwama a kan ganiyarsa a wannan shekara. Sakamakon da aka bayyana a Zurich a Janairun 2011 ya ba Messi kusan kashi 23 cikin ɗari, Iniesta 17, Xavi 16, dukansu uku 'yan La Masia. Ƙuri'un masu son wasan Sifaniya sun rabu gida biyu, wannan kaɗai ya isa ya bayyana sakamakon ba tare da an nemo wata maƙarƙashiya ba.

Akwai kuma abin da ba mu sani ba a lokacin, wanda ya sa nake jin nauyin yadda muka riƙa yi masa lissafi. A ranar 8 ga Agusta 2009 abokinsa Dani Jarque, kyaftin ɗin Espanyol, ya rasu sakamakon bugun zuciya a sansanin horo a Italiya yana da shekara 26. Iniesta, wanda watanni kaɗan kafin nan ya ɗauki kofi uku a kaka ɗaya, ya faɗa cikin matsanancin ciwon damuwa. Shekaru bayan haka ya bayyana cewa yakan ƙosa dare ya yi don ya sha magani ya samu barci, cewa akwai ranakun da ya kasa kammala atisaye, kuma yana ɗan shekara 25 ya taɓa roƙon iyayensa su bar shi ya kwana a ɗakinsu. Ya nemi taimakon masana, Guardiola kuma ya ba shi damar barin fili duk lokacin da ya ji ba zai iya ba. A duk tsawon wannan kaka mu muna gaban talabijin muna cewa Iniesta ya yi sanyi, wasu na cewa ya ƙare. Da ya ci ƙwallon Johannesburg ya cire rigarsa, ta ciki tana ɗauke da rubutun hannu da ke cewa Dani Jarque yana tare da su har kullum. Ina ganin fitowar da ya yi ya faɗi ciwonsa a fili, a sana'ar da ake ɗaukar irin wannan magana a matsayin gazawa, tana cikin manyan abubuwan da ya yi, kuma tana da amfani ga duk wanda ke da ɗan'uwa da ke fama da irin wannan ciwo ana ce masa ya daure kawai, namiji ne.

A watan Afrilun 2018, da ya tabbata zai bar Barcelona, mujallar France Football mai ba da kyautar ta buga sharhi tana neman afuwarsa a kan rashin sunansa cikin waɗanda suka taɓa lashe ta. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin amsa laifin 2010. Ni na ɗauke shi a matsayin amsa wani abu da ya fi haka girma, wato cewa kyautar tana neman wanda ya fi ƙyalli a shekara ɗaya, shi kuwa Iniesta aikinsa shi ne ya sa wasu su yi ƙyalli shekara bayan shekara. Daga 2008 zuwa 2017 mutum biyu ne, Messi da Cristiano Ronaldo, suka raba ta, biyar-biyar, sai a 2018 Luka Modrić ya karya jerin. Kafin Rodri, haifaffen Sifaniya ɗaya ne ya taɓa ɗaukar ta a ɓangaren maza, Luis Suárez Miramontes, tun 1960. Abin sha'awa shi ne a ɓangaren mata masu zaɓe ba su da wannan makanta, domin Alexia Putellas da Aitana Bonmatí, dukansu 'yan tsakiyar Barcelona, sun ɗauke ta a jere daga 2021 zuwa 2025. An ƙirƙiro kyauta ta musamman ga masu tsaron gida, an ƙirƙiro ta masu cin ƙwallo, wasu na cewa a yi ta 'yan tsakiya. Ba na ganin wannan zai gyara komai, domin matsalar tana idon mai kallo ne kafin ta kai ga akwatin ƙuri'a.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce cin ƙwallo shi ne abu mafi wuya a wasan, shi ke raba mai nasara da wanda aka doke, kuma duk kyan rabon ƙwallo in ba a zura ta ba aikin banza ne. Haka ne, kuma Sifaniya ta ɗanɗana wannan a 2014 da Holan ta lallasa ta da ci biyar da ɗaya, da kuma 2018 a Moscow, inda ta yi ta jujjuya ƙwallo a gaban Rasha har aka fitar da ita a bugun fenareti, wasan da ya zama na ƙarshe da Iniesta ya buga wa ƙasarsa. Za a kuma ce Messi ba mai cin ƙwallo kaɗai ba ne, yana raba ta kamar kowane ɗan tsakiya, wannan ma gaskiya ne, kuma ban taɓa cewa Iniesta ya fi shi ba. Inda na rabu da masu wannan magana shi ne inda suke cewa inuwar Messi ce ta rufa wa Iniesta asiri. Sifaniya ba ta da Messi, amma ta ɗauki manyan kofuna uku a jere, 2008 da 2010 da 2012, abin da wata ƙasar Turai ba ta taɓa yi ba, kuma a 2010 ƙwallo takwas kacal ta ci a wasa bakwai. Ƙasar da ta ɗauki kofin duniya da ƙwallo takwas ba da ƙarfin 'yan gaba ta ɗauka ba, ta ɗauka ne da hana abokan hamayya taɓa ƙwallo, kuma wannan aikin Xavi ne da Busquets da Xabi Alonso da Iniesta.

Abin da ya sa wannan musu ya dame ni har na zauna rubutu ba Iniesta ba ne, domin shi ya samu rabonsa, ya je Japan ya buga wa Vissel Kobe shekara biyar ya ɗauki kofi, ya ƙarasa a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Abin da ya dame ni yaranmu ne. Yawancinsu yanzu ba sa kallon wasa na minti 90, suna kallon gutsattsarin bidiyo ne a waya, wanda ke farawa daƙiƙa biyar kafin ƙwallo ta shiga raga, daidai bayan an gama aikin da irin su Iniesta ke yi. Cacar ƙwallo da ta shigo unguwanni ta ƙara dagula lamarin, domin wanda ya sa kuɗinsa a kan wane ne zai ci ba ya da idon ganin wani abu daban. Sakamakon yana bayyana a filayenmu na ƙasa. Akwai wani yaro a filin makarantar da ke bayan gidanmu, siriri, gajere, wanda na daɗe ina tsayawa kallonsa da yamma in na dawo daga aiki. Ba ya ihu a ba shi ƙwallo, amma duk lokacin da ta zo masa sai wasan ya lafa, ya ɗaga kai, ya ajiye ta inda ya kamata. Da aka zo zaɓen waɗanda za su je wata gasa, mai horar da su ya bar shi a gida. Na tambaye shi dalili cikin girmamawa, ya ce, "Yallaɓai, yaron yana da ƙafa, amma ba jiki, kuma ba ya ci. Masu zuwa kallo 'yan gaba suke nema." Ban ga laifinsa shi kaɗai ba, domin abin da kasuwa ke saye yake kaiwa. Amma na tuna cewa a 2005, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20, Mikel Obi ne ya zo na biyu bayan Messi a jerin gwarazan gasar, yana wasa a matsayin mai tsara hari, kuma har yau muna tambayar kanmu me ya sa ba mu cika fitar da irin wannan ɗan wasa ba. Wataƙila muna fitar da su, muna dai barinsu a gida ne ranar zaɓe.

Waɗanda suka kalli Iniesta ido da ido sun auna shi da wani mudu daban. Magoya bayan Espanyol, abokan gabar Barcelona na cikin gari, sun miƙe sun tafa masa a filinsu a ƙarshen 2010 saboda Jarque. A Nuwamban 2015, ranar da Barcelona ta ci Real Madrid huɗu da nema a Santiago Bernabéu, da aka sauya shi mutanen Madrid da yawa sun tashi sun tafa masa duk da zafin abin da ke faruwa da su. Ba ko'ina ba ne, domin a Bilbao sun daɗe suna yi masa ihu saboda wani jan kati da suke ganin shi ya jawo wa ɗan wasansu, amma a yawancin filayen ƙasar haka ake karɓarsa. Ranar 20 ga Mayu 2018, bayan wasansa na ƙarshe da Real Sociedad, da jama'a suka watse aka rage fitilu, ya dawo ya zauna shi kaɗai a tsakiyar Camp Nou ba takalmi, har dare ya raba, 'yan taku kaɗan daga gidan dutsen da ya kwana yana kuka shekara 22 kafin nan.

Ɗan ƙanwata kuwa, ban ba shi amsa a daren Rodri ba, domin hayaniya ba ta bari ba. Bayan kwana biyu na nemo masa cikakken wasan ƙarshe na gasar Turai ta 2012 na sa masa a waya, na ce ya kalla daga farko zuwa ƙarshe, amma da sharaɗi ɗaya: kada ya bi ƙwallo da ido, ya bi mai lamba shida na Sifaniya duk inda ya nufa, ko ƙwallon tana wurinsa ko ba ta wurinsa. Ya ɗauki kwana uku bai ce mini komai ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya same ni a ƙofar gida, ya gaishe ni, ya zauna a gefen tabarma, sannan ya ce, "Kawu, mutumin nan kafin a ba shi ƙwallo sai ya waiga sau biyu, wani lokaci sau uku. Na ƙirga." Na tambaye shi ko ya ga abin da yake dubawa. Ya ce bai gama ganewa ba tukuna, amma zai sake kallo, kuma yana so in samo masa na Roma.